Kujerar Makarantunmu da Aka Buga a Karta

Daga:
Misis Arlene Kowalke,
Lamba 14, Titin Coci,
Alder Fork, Gundumar Brannock,
Wisconsin.

Zuwa ga:
Mai Girma Mista Wendell Strand,
Magatakardan Gundumar Brannock,
Ofishin Harkokin Zaɓe.

Litinin, 17 ga Afrilu, 2023.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: YADDA AKA RABA GARDAMAR KUJERAR HUKUMAR MAKARANTUN ALDER FORK DA BRANNOCK RANAR 11 GA AFRILU, DA ROƘON A DAKATAR DA RANTSAR DA MISTA CURTIS HALVORSEN

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatan ofishinka, ina neman izinin gabatar da ƙorafi a kan yadda aka miƙa wa Mista Curtis Halvorsen kujerar hukumar makarantunmu, aka hana Misis Lorraine Dvorak. Ni ba 'yar takara ba ce, ba lauya ba ce kuma. Maƙwabciyar Lorraine ce ni, shinge ɗaya ya raba gidajenmu. Ni na riƙa tuƙa ta gida-gida lokacin neman ƙuri'a, kuma ina zaune a cikin ɗakin ranar da aka yi abin da aka yi. Shekaruna saba'in da ɗaya, ban taɓa rubuto wa hukuma takarda ba ko da a kan ramin titi ne. Wannan karon na yi ta ƙoƙarin haɗiye maganar, ta ƙi wucewa. Ga abin da ya faru, bi da bi.

1. Kamar yadda ofishinka ya sani, hukumar makarantunmu mutum bakwai ce, kuma akwai shawara a gabanta ta rufe firamaren Alder Fork a riƙa kwashe yaranmu a bas zuwa garin Brannock. Uku sun yarda, uku sun ƙi. Duk wanda ya hau kujera ta bakwai, shi zai yanke maganar. Mista Halvorsen, mai sayar da motocin noma a bakin babbar hanya, bai ɓoye ba cewa rufewa zai zaɓa. Misis Dvorak kuwa mai dafa abinci ce a gidan abincin da ke kallon ƙofar makarantar, titi kawai za ka tsallaka. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi mako bai kwana a gida ba. Suna da 'ya ɗaya, Tessa, 'yar shekara shida, mai fama da farfaɗiya. Idan ciwon ya tashi a aji, malama takan buga waya, kafin ta ajiye wayar, Lorraine ta shigo da rigar girkinta a jiki. Idan aka rufe makarantar, yarinyar nan za ta riƙa yin kusan awa guda a cikin bas, a hanyar kan tudu wadda kowa ya san yadda take komawa idan ƙanƙara ta kwanta. Ban faɗi wannan don ka ji tausayi ba, na san tausayi ba ya cikin ayyukan ofishinka. Na faɗa ne don ka san abin da ya fito da macen da ba ta taɓa riƙe ko shugabancin ƙungiyar mata a coci ba ta tsaya takara.

2. Misis Dvorak ta cika duk abin da doka ta nema. Ta tara sa hannun masu goyon baya, ta miƙa takardunta a kan lokaci, ta bi gonaki da gidaje cikin sanyin Fabrairu tana ƙwanƙwasa ƙofa, karnuka suna bin ta, ni ina cikin mota ina ɗumama mata kujera. Ba zan kawo ƙarar allunan tallanta da muka riƙa tsinta a cikin kwata ba, tunda ban ga hannun da ya jefa su ba, ko da yake iskar garinmu ta nuna wata irin basira, domin ko allo ɗaya na Mista Halvorsen ba ta taɓa kayarwa ba. Haka kuma ba zan kawo ƙarar abin da ya faɗa a taron jin ra'ayin 'yan takara ba, sai dai in rubuta shi don ya shiga takarda. Cewa ya yi a kan Lorraine: "Lori 'yar kirki ce, babu mai soya ƙwai kamarta a duk gundumar nan, amma tafiyar da makaranta ba kaskon suya ba ne." Mutane suka yi dariya. Lorraine ma ta yi, kuma wannan shi ne babban aibinta, idan aka zage ta da fara'a sai ta taya mai zagin dariya.

3. Mai girma Magatakarda, kai mutumin Brannock ne, wataƙila ka san al'adarmu ta Lahadin da ke gaban zaɓe, wataƙila kuma ka ji ta ne kawai a bakin mutane. A ranar 'yan kwana-kwanan garinmu suke yin karin kumallon fanke, kowa ya zo. Idan an ci an sha, tsohon shugabansu, Mista Emil Rasmus, wanda ya haura tamanin, yakan kira 'yan takara gaban jama'a ya haɗa hannuwansu, kowannensu ya yi alkawarin zai jefa wa abokin takararsa ƙuri'arsa. Tun zamanin kakanninmu ake yi, don kada a ce wani ya ɗora kansa a kujera da hannunsa, kuma don idan an gama zaɓe a iya ci gaba da aron tsani a wurin juna. Ba a rubuta ta a ko'ina ba, ba a kuma taɓa jin wanda ya karya ba.

Ranar Lahadi 2 ga Afrilu an yi haka. Mista Halvorsen ya riƙe hannun Lorraine da hannu biyu, ya ɗaga murya yadda na bayan ɗaki za su ji, ya ce: "Ƙanwata, ƙuri'ata taki ce ko da ita za ta kayar da ni. Ke dai kar ki ci amanata idan kin shiga bayan labule." Aka tafa masa. Ni ban tafa ba. Ni na yi renon Curtis lokacin da uwarsa take aiki a masana'antar cuku, kuma na san shi tun yana yaron da idan an raba alewa a coci yakan zagaya ya sake shiga layi. A hanyar komawa gida na ce wa Lorraine ta yi wa kanta faɗa ta zaɓi kanta, babu mai gani. Amsar da ta ba ni ita ce: "Haba Gwaggo, a gaban Emil fa na ba shi hannu." Ranar Talata 4 ga Afrilu ta shiga bayan labule ta jefa wa mutumin da zai rufe makarantar 'yarta ƙuri'a, ta fito tana murmushi kamar wadda ta sauke farali.

4. Da aka ƙirga, kowannensu ya sami ƙuri'a ɗari huɗu da goma sha bakwai. Ranar Asabar 8 ga Afrilu da rana tsaka, a wurin niƙan abincin dabbobi, Mista Halvorsen ya tsaya cikin manoma yana ba da labari. Mista Rasmus yana nan zaune a kan buhu, ya ji da kunnensa, kuma ya ce a shirye yake ya maimaita a gabanka. Kalmomin Mista Halvorsen ke nan: "Hannu na ba ta, ban ba ta hankalina ba. Wa ya aike ta ta yarda? Da ban zaɓi kaina ba, da yanzu mai suyar ƙwai ce ke riƙe da makarantunku." An ce wasu sun yi dariya, wasu sun sunkuyar da kai suna duba takalmansu, tsohon kuma ya tashi ya bar wurin bai ɗauki abin da ya zo saya ba.

Na sani sarai cewa doka ba ta san da alkawarin gidan 'yan kwana-kwana ba, kuma kowa yana da ikon jefa ƙuri'arsa inda ya ga dama. Ba na neman ka ƙwace masa ita. Ina so dai ka lura da cewa da ya cika abin da ya faɗa a gaban mutane, da Misis Dvorak ta ci zaɓen nan da ratar ƙuri'a biyu, kuma da ban dame ka da wannan takarda ba. Ka riƙe wannan a ranka, domin al'adar da ya taka ranar Talatar zaɓe, ita aka ɗauko aka kakkaɓe masa mako guda bayan haka.

5. Ga ainihin ƙorafina. Ranar Talata 11 ga Afrilu kwamitin tantance sakamako ya zauna a ɗakin karatu na sakandaren Brannock, ƙarƙashin Mista Norbert Falk, tare da Misis Glenda Pruitt a matsayin mai rubutu. Suka sake duba ƙuri'u, suka tabbatar da kunnen doki. Mista Falk ya karanta mana cewa idan haka ta faru, doka ta ce a raba da canki-canka. Babu wanda ya yi musu. Abin mamaki shi ne, mako guda cur kwamitin nan ya san an yi kunnen doki, amma ya zo zaman hannu rabbana. Babu akwati, babu 'yan takardun suna, babu wata ƙa'ida da aka rubuta. Mista Falk ya tsaya yana laluben aljihunsa kamar mai neman makullin mota.

Nan ne Mista Randy Zastrow, mijin ƙanwar Mista Halvorsen, wanda ba ɗan kwamiti ba ne kuma ba shi da wani matsayi a ɗakin ban da na ɗan kallo, ya zaro karta daga aljihun rigarsa ya jefa a kan tebur. Tsohuwar karta ce, ta yi baƙi da maiƙon hannu, warin giya na tashi daga jikinta har inda nake zaune. A kan wannan abin aka ɗora makomar makarantar yara. Mista Falk ya gauraya ta, ya baza, ya ce, kuma ina rantsuwa a kan waɗannan kalmomi: "To, kowa ya zari ɗaya, babba ya ci." Bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Misis Dvorak ta zara, ta juya: jan sarki. Mista Halvorsen ya zara, ya juya: baƙar sarauniya. Na ga fuskarsa ta canza. Misis Pruitt ta riga ta ɗora biro ta fara rubuta sunan Lorraine, har ta ɗago ta ce mata, "Barka, Lori." Lorraine ta sa hannu ta rufe bakinta. Sai ga muryar Mista Zastrow daga baya: "Dakata tukuna, Norbert. Wannan fa kartar Kan Tunkiya ce. Tun yaushe sarki ya fara cin sarauniya a garin nan?" Mista Falk ya ɗauki kartar ya jujjuya, ya ga lallai an cire ƙananan kamar yadda muke yi idan za mu buga Kan Tunkiya, wasan kartar garinmu, ya sosa ƙeya, ya nuna baƙar sarauniyar, ya ce: "Gaskiyarka fa. A wurinmu dai tsohuwar nan ita ce babba." Ya umarci Misis Pruitt ta soke abin da ta fara rubutawa. Idan ka nemi takardar zaman za ka ga inda aka soke.

Na miƙe na ce ban yarda ba, ba a kafa ƙa'ida bayan an ga abin da kowa ya zara. Amsar da shugaban kwamitin gwamnati ya ba ni a zaman hukuma ita ce: "Haba Arlene, ke da kike cinye mu da tsohuwar nan duk Alhamis?" Aka yi dariya, aka rufe zaman. Lorraine ta miƙa wa Mista Halvorsen hannu ta yi masa murna. Shi kuwa ya ɗauki baƙar sarauniyar ya sa a aljihun gaba, kuma yanzu haka tana manne a bangon shagonsa, a saman inda ake biyan kuɗi, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa.

6. Ba zan yi maka ƙarya ba, ranka ya daɗe. Na fi shekara arba'in ina buga Kan Tunkiya a ɗakin ƙasa na cocinmu, kuma gaskiya ne a wasan nan baƙar sarauniya ce ke cin kowa. Amma ba wasa muka je yi ba. Babu wanda ya ambaci Kan Tunkiya kafin a zara. Mai rubutun kwamitin da kanta, wadda ita ma tana bugawa da mu, ta fahimci sarki ne ya ci. Kuma ina tambaya cikin ladabi: da a ce Lorraine ce ta zaro sarauniya, Curtis ya zaro sarki, shin Mista Zastrow zai tuna da Kan Tunkiya? Ni na san amsar, kai ma ina jin ka sani.

Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne wannan. Ko dai al'adar garinmu tana da ƙarfi a zaɓen nan, ko ba ta da shi. Idan tana da shi, to ƙuri'ar Mista Halvorsen ta Misis Dvorak ce, ta ci tun ranar 4 ga wata, babu zancen karta. Idan ba ta da shi, to babu ruwan kwamiti da yadda muke buga wasa a ƙasan coci, kuma ko yaro ya san sarki yana gaba da sarauniya. Amma a ce al'ada shirme ce lokacin da za ta amfani mai dafa abinci, ta zama doka lokacin da za ta amfani mai sayar da motocin noma, wannan ban san sunansa a littafinku ba. A gidanmu cuta muke ce masa, kuma ƙyama nake ji duk lokacin da na tuna cewa mutanen da nake zama benci ɗaya da su ranar Lahadi sun kalli abin nan sun yi dariya.

7. Akwai saura guda, ba don doka ta tanadi wani abu a kai ba, sai don ba na so in ɗauke shi ni kaɗai. A garinmu wanda ya faɗi zaɓe yakan kai wa wanda ya ci abinci. Ranar Alhamis 13 ga wata Lorraine ta tashi daga aiki, ta gasa dankali da cuku, ta naɗe tasar da tawul, ta roƙe ni in kai ta gidan Halvorsen domin motarta tana wurin gyara. Na kai ta, na ƙi fita. Daga cikin mota na ga ya karɓa, ya buɗe ya shinshina, ya ce: "Kai, ƙanwata, hannunki dai babu na biyunsa. Ki gaida mini Tessa, ki ce mata bas ɗin Brannock sabo ne fil, har da abin ɗumama kujera." Ta ce masa ta gode. Ta dawo mota muka kama hanya, sai da muka kai ƙofar gida ta tambaye ni ko ina ganin direban bas zai yarda a koya masa yadda ake kwantar da yaro a gefensa idan ciwo ya tashi.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina roƙon ofishinka da ya yi waɗannan abubuwa:

Na farko, a dakatar da rantsar da Mista Halvorsen da aka shirya yi ranar Litinin 24 ga Afrilu, domin a wannan zaman ne aka sa maganar rufe makarantar, kuma idan ya ɗaga hannu sau ɗaya, duk wani gyara da zai biyo baya ba zai buɗe ƙofar da aka rufe ba.

Na biyu, a soke abin da aka yi ranar 11 ga wata, bisa dalilin cewa an kafa ƙa'idar ne bayan an ga sakamako, da kayan da surukin ɗan takara ya kawo, kuma bisa shawararsa.

Na uku, idan ofishinka bai ga damar bayyana Misis Dvorak a matsayin wadda ta ci da sarkin da ta zara ba, to a sake yin canki-cankan a gabanka, da ƙa'idar da aka rubuta aka karanta wa kowa kafin a taɓa komai. Idan aka yi haka ta faɗi, na yi maka alkawari ba za ka sake ganin takardata ba. Ni alkawarina ina cikawa.

Na huɗu, a kira Mista Rasmus da Misis Pruitt a ji ta bakinsu. Misis Pruitt tana tsoron aikinta, don haka ina roƙo a tambaye ta ita kaɗai.

A ƙarshe, ya kamata ka san cewa Misis Dvorak ba ta san na rubuto ba. Da na kawo mata shawarar, cewa ta yi, "Gwaggo, ki bar shi, kar a ce ban iya faɗuwa ba." Ranar Juma'a ta je Brannock ta nemi aikin wanke kwanuka a kicin ɗin makarantar can, ta yarda ta bar wurin da take aiki tun tana budurwa, don dai ta kasance kusa idan aka buga waya. Sun ce babu gurbi sai baɗi. Idan har za a rufe makarantar nan, ranka ya daɗe, a rufe ta da ƙuri'ar mutane, mu rungumi ƙaddara. Kada a bar yarinya 'yar shekara shida ta faɗi a cikin bas a kan tudu, uwarta tana nesa, saboda abin da ya fito daga aljihun Randy Zastrow. Lorraine ba za ta taɓa rubuto maka ba, jiya ma na ga ta gaishe da Curtis a ƙofar coci. Ni na daina gaishe shi, shi ya sa na rubuto.

Ina jiran amsarka a rubuce kafin ranar 24 ga wata. Ka gafarce ni idan harshena ya yi kaifi a wani wuri, na goge waɗanda suka fi haka. Allah ya ƙara girma, ya taimake ka a kan aikinka.

Taka cikin ladabi da biyayya,

Misis Arlene Kowalke
Mai ƙuri'a a Alder Fork